KOWALA DA ITACEN TURARE

A wannan wata za mu bi sawun matafiyi zuwa Ostareliya, ƙasar dabbobin nan masu goyon 'ya'yansu cikin jaka a jikin cikinsu. Wanda ya sauka a birnin Birisben, a jihar Kwinslan, ba zai sha wahalar ganinsu ba. Wajen kilomita 12 daga tsakiyar gari, a bakin kogi, akwai gandun dabbobi da a ke kira Lone Pine. Ana zuwa da mota, ana kuma zuwa da jirgin ruwa.

Baƙo ya kan fara da filin kangaru, inda a ke barin mutum ya shiga tsakaninsu ya ba su abinci a tafin hannu. In ya yi haƙuri ya zuba ido, sai ya ga ɗan kai ya leƙo daga jakar wata uwa. Cikin kangaru wata ɗaya ne da 'yan kwanaki. Ɗan da ta ke haifa kamar ƙwayar wake ya ke, ba gashi, ido a rufe, nauyinsa wajen giram 1. Duk da haka da kansa ya ke rarrafe cikin gashin uwa har ya shiga jaka ya kama nono. Sai ya yi wata 8 ko fiye kafin ya bar jakar ɗungum.

Amma wanda aka kafa gandun dominsa shi ne kowala. Ɗan dabba ne mai gashi ruwan toka, da manyan kunnuwa da baƙin hanci. Baƙo zai tarar da shi a maƙale a reshe yana sharar barci, gama ya kan yi barcin awa 18 zuwa 20 a rana. Kada ku ce rago ne. Abincinsa ganyen itacen turare ne, watau irin dogayen itatuwan nan da aka kawo daga Ostareliya aka dasa a ƙasashenmu. Ganyen yana da guba, ga shi kuma ba ya ba jiki ƙarfi sosai, don haka tilas kowala ya yi tattalin ɗan ƙarfin da ya samu. Ɗansa ya kan yi wajen wata 6 a jaka. Kafin ya soma cin ganye, sai ya lashi wani kashi mai laushi daga jikin uwa, a nan ya ke samun ƙwayoyin da za su taimaki cikinsa ya narkar da ganyen. Daga nan uwa ta goya shi a baya, ba zane ba majanyi.

To, me ya sa aka kafa masa gandu? Dā ana farautar kowala saboda fatarsa. A watan Agusta na 1927 gwamnatin Kwinslan ta ba da izinin farauta, cikin wata ɗaya aka kashe fiye da 500,000. Mutane suka fusata ƙwarai, ba a kuwa sake ba da irin wannan izini ba. A shekarar nan ce aka buɗe Lone Pine da kowala biyu tak.

Bindiga ta yi shiru, amma kowala bai tsira ba tukuna. Ana ta sare daji domin gonaki da gidaje da hanyoyi. Sa'ad da itatuwa suka yi nisa da juna, dole ya sauko ƙasa ya taka, nan kuwa mota ko kare ke gamuwa da shi. Ga ciwo, ga kuma babbar gobarar daji ta 2019 da 2020. A 2022 gwamnatin ƙasar ta sa kowala na Kwinslan da Niyu Sawut Wels da yankin Kanbera cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Shekara da shekaru baƙi na rungumar kowala a Lone Pine a ɗauke su hoto. Tun watan Yuli na 2024 aka daina. Yanzu baƙo sai ya tsaya kusa ya kalle shi yana cin ganyen da masu kiwo ke kawo masa ɗanye kowace rana.

Abin lura ke nan. Kowa na son kowala, amma runguma ba ta ciyar da shi, itace ne ke ciyar da shi. Gandu yana iya riƙe kaɗan, sauran kuwa sai da daji. Kashe dabba da bindiga kowa ya kan gani ya yi kuka, amma wanda gatari ya raba da gidansa ya kan ƙare ba wanda ya ji. Iyaye, in kun wuce gindin itacen turare tare da yara, ku faɗa musu labarin dabbar da ba ta da tuwo sai ganyensa. Sai wata mai zuwa.