RA'AYINMU: Mussar Ƙofar Marke

A makon jiya wasu 'yan'uwanmu ɗalibai biyu suna komawa masaukinsu ta Ƙofar Marke bayan sallar La'asar, sai suka tarar da yara sun yi da'ira a bakin kwata, kowa da dutse a hannu. Abin da suka kewaye kyanwa ce, wadda Sakkwatawa ke kira mussa, ɗan kabu-kabu ya take mata ƙafar baya ya wuce. Akwai manya zaune a gindin inuwa suna kallo, amma ba wanda ya tsawata. Da ɗaliban suka nufi wurinta, wani dattijo ya gargaɗe su cewa baƙar kyanwa ba abin taɓawa ba ce, don ba a san ko wane ne a cikin fatarta ba.

Ɗaliban suka kori yaran, suka lulluɓe ta da tsohon zane, suka sa ta a kwali, suka kai ta wurin likitan dabbobi aka ɗaure ƙafar. Yau tana ɗingishi a tsakar gidan da suke haya.

Mun ɗauko wannan magana ne domin dattijon nan ba mugu ba ne. Tsoro ne ya hana shi tausayi, tsoron kuwa iri biyu ne. Na farko camfi ne, na cewa mayu da aljanu kan rikiɗa su zama kyanwa. Wannan bai dace da garin Shehu Usmanu ba, inda kowane ɗan makarantar zaure ya ji hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma, laƙabinsa na Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya samo shi.

Tsoro na biyu yana da tushe. Dabbar da ke jin zafi takan yi cizo da yaƙushi, kuma ciwon haukan kare yana kama kyanwa, wanda in alamunsa suka bayyana ga mutum da wuya ya tashi. Maganin wannan tsoro shi ne sanin yadda za a yi. Kada a ɗauke ta da hannu tsirara, a rufe ta da zane mai kauri. Wanda ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Kada a ba ta Panadol don a rage mata zafi, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Madarar shanu kuma takan sa ta zawo, ruwa da ɗan kifi ko nama sun fi.

Jami'armu ta Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da Tsangayar Likitancin Dabbobi da asibitinta na koyarwa a cikin wannan gari. Abin kunya ne a ce wannan ilmi yana tare da mu, amma yaron Ƙofar Marke bai san abin da zai yi wa dabba mai rauni ba sai jifa. Yaron da ya saba jifar mai rauni manya suna kallo, ba mu san wa zai jefa ba in ya girma.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta haɗa kai da ɗaliban likitancin dabbobi, su riƙa zagaya makarantun firamare da na allo, musamman ranar 28 ga Satumba da duniya ta keɓe don yaƙi da ciwon haukan kare. Ku kuma 'yan'uwa ma'aikata matasa, in kun iske irin wannan taro a hanya, ku tsaya ku tsawata wa yaran. Hakkin dabbar yana wuyan duk wanda ya gani.