Yaro ya sake ƙera abin da ke akwai: ɓata lokaci ne?

A makon jiya wani uba ya tare ni a bakin makaranta da ƙorafi. Ɗansa, ɗan lise, ya kwashe Asabar da Lahadi yana rubuta ƴar manhaja da harshen Python, wadda aikinta kawai ƙirga kalmomin da ke cikin rubutu. Daga baya aka shaida wa uban cewa kwamfuta mai Linux tana zuwa da wannan kayan aiki kyauta, sunansa wc. Ya ce da ni: "To mushe, ina amfanin wahalar?"

Tambayar ta girmi yaron. Waɗannan ƙananan kayan aiki, da ake kira ta hanyar rubuta umarni maimakon latsa hoto, sun taso ne tare da tsarin Unix da aka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969: cat na nuna abin da ke cikin fayil, sort na jera layuka, grep na neman kalma. A 1999 Tom Christiansen ya ƙaddamar da aikin Perl Power Tools don a sake rubuta su da harshen Perl, saboda masu kwamfutar da ba ta da Unix su samu. Tun a 1976 ma Brian Kernighan da P. J. Plauger suka fitar da littafin Software Tools, inda mai karatu ke koyon sana'ar ta hanyar gina irin waɗannan kaya da hannunsa.

In don a maye gurbin na asali ne, ina tare da uban. Na Linux da harshen C aka rubuta su, sun fi sauri, kuma an shafe shekaru ana gyara kurakuransu. Sort ɗinsu na iya jera fayil da ya fi ƙarfin ma'adanar kwamfuta, don yakan rarraba shi gida-gida. Na yaron kuwa yakan loda komai a lokaci guda, in fayil ya yi girma ya tsaya cik.

Amma in don koyo ne, aikin ya biya. Yaron maƙeri da lauje yake farawa, alhali lauje ya cika kasuwa. Aikin ƙarami ne, ana gama shi a yini biyu, ga kuma na asali a gefe da yaro zai gwada nasa da shi ko malami ba ya kusa.

Akwai kuma ribar da ta shafi harshenmu. Ɗalibi ya ba Python sunayen ƴan ajinsu ta jera, zai tarar da Ɗanladi a bayan Zainabu, domin lambar da aka ba harafin Ɗ ta fi ta Z girma. Ya ce a ƙirga girman kalmar "ƙasa", haruffa 4 ne amma bayit 5, don ƙ na cin gurbi biyu. Wanda ya ci karo da wannan, ya zauna ya koya wa manhajarsa cewa ɗ na bin d, ƙ na bin k, ya yi abin da zai amfani duk malamin da ke jera sunaye a farkon shekara.

Saboda haka, malamai ƴan uwana, mu ba da irin wannan aiki, amma mu gaya wa yara gaskiya cewa atisaye ne, ranar aikin gaske su ɗauki na asali. Iyaye kuma, in kun ga yaro a kai, ku ce ya nuna muku inda nasa ya gaza na asali da dalilin gazawar. Uban nan ya yi alkawarin yi wa ɗansa wannan tambaya, ni kuma na ce ya turo mini yaron da jerin sunayen ajinsu.