Gayyar manhaja na jiran ƴan kasuwa da ma'aikata

Duk wanda ya taɓa halartar gayya a karkarar Maraɗi ko Damagaram ya san ba masu hauya kaɗai ke aikin ranar ba. Akwai mai kawo ruwa, akwai masu fura, akwai makaɗin da ke zuga samari, akwai kuma dattijon da ya san inda iyakar gona ta tsaya. In ɗaya ya ƙi zuwa, aikin ya gurgunce. To, akwai wata gayya da duniya ta daɗe tana yi, mu kuwa mun tsaya bakin gona muna kallo, wai don ba mu iya rubuta umarnin kwamfuta ba.

Gayyar nan ita ce ta buɗaɗɗiyar manhaja, abin da ƴan biro ke kira lojisiyel libir. Manhaja ce da aka bar asirin ƙirarta a fili: kowa na da izinin amfani da ita, ya duba cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu. Ba'amurke Richard Stallman ya aza tubalinta a 1983 da shirin GNU. A 1991 wani ɗalibi a Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux, wadda a kanta aka gina Android da ke cikin salular mafi yawanmu. Firefox da VLC da LibreOffice duk ƴaƴan gidan ne. Kada a ɗauka wasan yara ne: jandarmomin Faransa sun koma OpenOffice tun 2005, daga bisani suka ɗora dubban kwamfutocinsu kan Ubuntu. A fannin lafiya ma, DHIS2 da Jami'ar Oslo ke jagoranta ita ce rumbun alƙaluman asibitocin ƙasashen Afirka da dama.

Ra'ayina shi ne, abin da wannan gayya ta fi buƙata daga gare mu yana hannun ɗan kasuwa da ma'aikaci, waɗanda ba su taɓa rubuta ko layi guda na umarni ba.

Na farko, harshe. A watan Maris na 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma takardar doka ba ta koya wa na'ura magana. Kalmomin da ke fuskar manhaja, irin su "buɗe", "adana", "goge", mutane ne ke zama suna fassara su ɗaya bayan ɗaya, yawanci don sa kai. Malamin lakwal mai ritaya, ko sakataren da ya shekara ashirin yana juya wasiƙu daga Faransanci, ya fi injiniya cancantar wannan aiki. Haka ma shirin Common Voice da Mozilla ta buɗe a 2017, wanda Hausa ke cikinsa: mutum ya karanta jimla da muryarsa, wani ya saurara ya tabbatar. Salula kawai ake bukata.

In mun ƙi, wasu za su yi, kuma Hausarsu za a ji. Ba laifin ƴan'uwanmu na Kano ba ne in na'ura ta san naira ba ta san sefa ba. Wa zai gaya mata cewa dala ashirin a kasuwar Dole faran 100 ne, jikka kuma faran 1,000? Ranar da sayayya da tura kuɗi za su koma ta murya, tsohuwar Tawa da na'ura ba ta gane lafazinta ita za a bari a baya.

Na biyu, kai ƙorafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na taɓa karɓar takarda a wani biro inda harafin ƙ na sunan garinmu ya fito ɗan akwati babu komai ciki. Ma'aikacin ya ɗaga kafaɗa ya ce haka mashin ɗin take. Alhali tsakanin kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, ƙugiyar nan ce ke raba ma'ana. In manhaja buɗaɗɗiya ce, akwai ƙofar da ake rubuta wa maƙeranta: ga abin da na danna, ga abin da na zata, ga abin da ya fito. Irin wannan rahoto mai tsabta aiki ne cikakke, kuma wanda ya saba rubuta rahoton ofis ya riga ya iya shi.

Na uku, sanin ƙasa. OpenStreetMap, taswirar duniya da aka soma a 2004, mutanen gari ne ke zana ta. Da girgizar ƙasa ta auka wa Haiti a 2010, masu sa kai suka zana titunan babban birninta cikin ƴan kwanaki, masu ceto suka yi aiki da su. Direban da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, ko ɗan kasuwar da ya san kowace rijiya da kowace kasuwar mako tsakanin Tasawa da Matamai, yana da ilimin da hoton tauraron ɗan'adam ba ya bayarwa. Mu da damina ke yanke wa hanyoyi ba mu bukatar a gaya mana amfanin wannan.

Na san abin da za a ce: don me zan yi aikin banza, manyan kamfanoni su kwashe su ci riba? Tambayar tana da tushe, domin abin da aka bari a fili kowa na iya ɗauka, har da su. Sai dai abin da ka zuba a buɗaɗɗen rumbu ba mai iya kulle maka shi. Ɗalibin Jami'ar Abdu Mumuni zai ɗiba kamar yadda attajirin Amurka zai ɗiba. Wanda kamfani ya tara a ɓoye kuwa, saye za mu yi, da kuɗin waje, kowace shekara.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ma'aikatu da su ware wa masu sha'awa ko da awa biyu a mako don fassara da gwaji, a lissafa shi cikin aikin gwamnati. Masana harshe su daidaita mana kalmomi, kada kowa ya ƙirƙiro tasa. Alhazan kasuwa kuma, da suka saba gina masallatai da haƙa rijiyoyi, su ɗauki nauyin ɗaki guda da intanet da lantarkin rana inda samari da dattawa za su zauna tare. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gona dai a buɗe take, kuma ba wanda aka ce sai ya nuna takardar digiri kafin ya shiga.