Ƙwayar Seleniyam: A Daina Yi Mana Romon Baka

Masu tallan ƙwayoyin ƙarin lafiya sun cika Facebook da TikTok, kuma seleniyam na cikin hajar da suke kambamawa. Wai yana ƙara garkuwar jiki, wai yana hana kansa, don haka kowa ya sha. Ni dai ban yarda ba.

Ba wanda ya ce jiki ba ya buƙatarsa. A 1935 wata cutar zuciya ta ɓulla a gundumar Keshan ta ƙasar Sin, tana kashe yara da matan da ke shekarun haihuwa. Daga baya aka danganta ta da ƙarancin seleniyam a ƙasar noman yankin. Amma nawa baligi yake buƙata? Maikirogiram 55 kacal a rana. Akwai shi a kifi da ƙwai da hanta da nama, hatsi kuwa gwargwadon ƙasar da aka noma shi. Kamar gishiri ne a miya, idan ya ji, ƙari ɓarna ne.

Batun kansa ma an gwada, ba da wasa ba. A 2001 aka fara binciken SELECT da maza sama da 35,000, akasarinsu a Amurka. Wasu aka riƙa ba su maikirogiram 200 kullum, a ga ko zai kare su daga kansar mafitsara ta maza (prostate). A 2008 aka ce su daina sha, domin bai kare kowa ba. Shi kuwa wani bincike na 1996 da ya fara sa wa mutane rai cewa seleniyam na hana kansa, da aka sake duba alƙalumansa a 2007, sai aka ga ciwon sukari ya fi kama masu shan ƙwayar. Wannan ɓangaren ba ka jin sa a bakin mai talla.

Idan ya yi yawa kuma, guba ne. A Enshi, can ƙasar Sin, inda ƙasa ta cika da shi, gashi da farcen mutane zubewa suka riƙa yi a farkon shekarun 1960. A 2008 wajen mutum 200 suka kamu da rashin lafiya a Amurka bayan shan wani ruwan ƙarin lafiya mai seleniyam ninki 200 na abin da aka rubuta a kwalbar. Amurka ke nan fa, ina ga kwalbar da ake yawo da ita a tasha, ko lambar NAFDAC babu?

Wanda gwajin jini ya nuna yana da ƙaranci, likita ne zai rubuta masa adadi da tsawon lokacin sha. Mai talla kuwa ko abin da ka ci jiya ba zai tambaye ka ba, lambar asusun banki zai turo maka.