Digirin Fim Ta Intanet: Lissafin Da Ba Ya Cikin Takardar Makaranta

Wani ɗan uwa mai sayar da takalma ya aiko mini da tambaya, kuma shi ne mutum na uku da ya kawo mini irinta tun bayan Babbar Sallah. Ɗansa ya gama digirin farko a Khartum kafin yaƙi ya tashi, tun daga nan yana zaune ba aiki ba makaranta. Yanzu ya samo wata jami'a a Ingila da ke ba da digiri na biyu a fannin shirya fim ta intanet. Ba biza, ba kuɗin jirgi, ba haya a Landan, daga ɗakinsa zai yi. Uban yana son ya sani: ya fasa jari ya biya, ko ya hana?

Zan amsa a nan don kowa ya amfana, domin ba a Omdurman kaɗai ake wannan muhawara ba, ana yin ta a gidajenmu na Jidda da Njamena da Kumasi. Ni ba malamin jami'a ba ne, karatuna na allo ne sai abin da na tsinta da kaina daga baya. Amma lissafin kaya kam na iya shi. Kowane ɗan kasuwa ya san kuɗin da aka gaya maka a Dubai ba shi ne kuɗin kayan ba ranar da suka sauka a Suk Libya. Akwai jirgin ruwa, akwai kwastan a Port Sudan, akwai mota, akwai 'yan dako, akwai abin da ya fashe a hanya. Digiri ta intanet ma haka yake, sai dai shi abin da ke hawa kansa a hanya ba a rubuta shi a rasit.

Da farko dai, abin ba ƙarya ba ne. Akwai 'yan damfara, amma akwai makarantu na gaske. Jami'ar Falmouth a Ingila tana da digiri na biyu na fim da talabijin ta intanet, ana yin sa cikin shekara biyu. A Amurka akwai Academy of Art University a San Francisco da wasu irinta. Na Ingila kuɗinsa yakan haura fam dubu goma na Ingila kafin a gama. Na Amurka, wanda suke kira MFA, ya fi tsawo ya fi tsada: kiredit-kiredit ake lissafa shi, wajen sittin, kuma makarantu masu zaman kansu da yawa suna karɓar sama da dala dubu kan kowane ɗaya. Buga da kanka, Alhaji. Wannan ba kuɗin makaranta ba ne, kuɗin shago ne da kayan cikinsa.

Za a ce maka ai ana biya kashi-kashi. Gaskiya ne, kuma a nan ne tarkon yake ga duk wanda cinikinsa da fam ɗin Sudan ne. Mun gani da idonmu a watan Fabrairun 2021 yadda gwamnati ta mayar da dala daga fam 55 zuwa 375 a rana ɗaya. Kafin yaƙin 15 ga Afrilu 2023 dala tana wajen fam ɗari shida. Shekara biyu bayan nan ta wuce dubu biyu a hannun 'yan canji. Ke nan wanda ya soma kwas na shekara biyu a farkon 2023, kashinsa na ƙarshe ya biya shi ninki uku ko fiye, alhali makarantar ba ta ƙara masa ko sisi ba. 'Yan uwanmu masu naira su ma sun ɗanɗana, daga ƙasa da 500 a farkon 2023 zuwa wajen 1,500 a 2024. Masu sefa ne kawai suka ɗan huta, tunda kuɗinsu a ɗaure yake da yuro. Sa'an nan Bankak ɗin da muke ciniki da shi kullum ba ya kai kuɗi jami'ar Ingila. Sai ka nemo wani a Jidda ko Alƙahira ya biya da katinsa, shi ma canjin ya ci nasa. Shawarata a nan gajeruwa ce: in ba ka da kuɗin gaba ɗaya a ajiye da dala ranar da za a sa hannu, to cinikin biri a sama kake yi.

Sai lokaci. Yara suna cewa, “Baba, zan riƙa zama a shago da rana, in yi karatu da dare.” Digiri na biyu a Ingila kiredit 180 ne, kuma a ƙa'idarsu kowane kiredit awa goma ne na aiki. Awa 1,800 ke nan. Raba shi kan shekara biyu, ka cire hutu, zai ba ka wajen awa ashirin a kowane mako. Rabin aikin ma'aikacin ofis ne cur. Wanda ya wuni a kasuwa tun hantsi har magariba, ya dawo ya taya ɗebo ruwa, ina zai samo awa uku kullum da kai a sake? Don haka ka sa a lissafi cewa ka rasa hannu ɗaya a shago, ko ka ɗauki yaro ka biya shi. In makarantar ta California ce kuwa, muna gabansu da awa tara zuwa goma. Darasin da suke yi da la'asar a can, mu tsakar dare ne.

Kalmar nan “ta intanet” tana da daɗin ji. Ma'anarta a kasuwance ita ce: makarantar ta sauke wa kanta nauyin gini da wuta da kayan aiki, ta ɗora maka. Ɗalibin da ya je can da ƙafarsa, za a ba shi aron kyamara da fitilu da ɗakin tace fim. Na gida kuwa, duka a wuyan ubansa. Kwamfuta mai ƙarfin tace hoto, ba irin wadda ake buga wasiƙa da ita ba. Na'urar ɗaukar sauti, domin masu sana'ar sun ce mai kallo yana haƙuri da hoto mara kyau amma ba ya haƙuri da sauti mara kyau. Ma'ajiyar hotuna guda biyu, don in ɗaya ta mutu kada aikin wata shida ya bi ta. Manhajar tacewa dai akwai sauƙi, DaVinci Resolve tana da ta kyauta. Amma nauyin hoton fa? Ɗaukar awa ɗaya da ingancin 4K a kyamara ta talaka tana cin wajen gigabait 45. Karatun lauya ko na lissafin kuɗi, takarda ce ake turawa; na fim kuwa, buhu-buhu ake lodi.

To a kan wace wuta, a kan wace intanet? Mu da muke nan ba sai an ba mu labari ba. A watan Yunin 2019 an rufe intanet sama da wata guda. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 an sake rufewa makonni. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke kusan a ƙasar duka, mutane suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu Starlink don su tura saƙo ɗaya. A Janairun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari madatsar Merowe, a watan Mayu kuma suka bugi tashoshin wuta na Omdurman, gari ya yi duhu. Sojoji sun karɓe Khartum tun watan Maris na 2025, jama'a suna dawowa, alhamdu lillahi, amma wanda zai ɗauki alkawarin miƙa aiki ranar kaza ƙarfe kaza har shekara biyu, dole ya sa sola da batir da inbata cikin kuɗin makaranta. Malamin da ke Ingila zai tausaya maka sau ɗaya, ko biyu. Na uku zai nemi takarda.

Duk waɗannan kuɗi ne, kuma kuɗi ana nemansa a samu. Abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne: fim ba a yin sa mutum ɗaya. Ana bukatar mai riƙe kyamara, mai sauti, mai fitila, 'yan wasa, mai dafa musu abinci, da wanda zai je ya roƙi mai gida ya ba da aron tsakar gidansa. Babban abin da ɗalibin fim ke fitowa da shi daga makaranta shi ne abokan aiki, waɗanda suka sha rana tare a lokeshan, gobe wannan ya kira wancan. Kamar yaron shago ne: abin da ya koya a wurin maigidansa ba farashi kaɗai ba ne, mutane ne, wa ake ba bashi, wa ba a ba. Ɗan ajinka da ke Kanada ba zai riƙe maka fitila a Karari ba. Fim ɗin kammalawa kuma, wanda da shi za a ba da digirin, daga aljihun ɗalibi ake shirya shi. A yau ma fitowa da kyamara a titin Omdurman ba ƙaramin abu ba ne. Kowane shinge sai ka yi bayani, kuma uba yana da haƙƙin ya ji tsoro.

Ƙasar nan da muke zaune cikinta ta ba mu misali ta fuska biyu. Akwai dattawa huɗu, Ibrahim Shaddad da Suleiman Ibrahim da Manar Al-Hilo da Altayeb Mahdi. Sun yi karatun fim na gaske a waje, Shaddad a Jamus ta Gabas, Suleiman a Mosko. Suka dawo da ilimi, sai mulkin 1989 ya zo, gidajen silima suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Fim ɗin da Suhaib Gasmelbari ya yi a kansu, Talking About Trees, wanda ya ci kyauta a Berlin a 2019, labarinsa ke nan: tsofaffi huɗu suna fafutukar sake buɗe gidan silima ɗaya a nan Omdurman, izini ya gagara. Takarda suna da ita, kasuwar ce babu. A ɗaya gefen ga Mohamed Kordofani, injiniyan jirgin sama ne, da kansa ya koyi fim. Goodbye Julia da ya shirya ya shiga bikin Cannes na Faransa a Mayun 2023, wata guda bayan yaƙi ya tashi, ya dawo da kyauta. Matasa da yawa kuma ta gajerun bitoci suka shigo sana'ar, irin na Sudan Film Factory da Talal Afifi ya kafa a 2010. Mu leƙa gida: tun Turmin Danya a 1990, Kanawa nawa ne suka shiga fim da digirin fim? A bayan wani aka koya, ana riƙe waya ana ɗaukar akwati, har aka kai ga Ali Nuhu ya zama shugaban hukumar fina-finai ta Najeriya a 2024.

Ba ina cewa karatun banza ne ba. Wallahi fina-finanmu suna bukatar masu ilimin tsara labari. Mun gaji da fim mai kashi arba'in wanda labarinsa bai cika kashi biyar ba. Kuma akwai wanda digirin ya dace da shi ƙwarai: wanda ya riga ya shiga sana'ar, yana da abokan aiki da kayan aiki, yana son ya koyar a jami'a ko ya riƙe muƙami a gidan talabijin. Akwai kuma 'yar da gidansu ba za su bar ta ta tafi Turai ita kaɗai ba, wannan hanyar ce kawai ta buɗe mata, kuma ban raina ta ba. Amma su ma kafin a biya kafin-alƙalami, a je ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasar da ake son yin aiki, a tambaya a rubuce ko suna yi wa digirin intanet mu'adala. Ba kowace ƙasa ke karɓa ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da na gaya wa mai takalma shi ne kada ya ce e, kada ya ce a'a, ya ba da ƙaramin jari ya ga kamun ludayin yaron, yadda muke yi wa duk wanda ya ce yana son ya buɗe nasa shago. A ba shi wata uku da kuɗi kaɗan, ya kawo fim na minti goma da wayar hannunsa, mai farko da ƙarshe, wanda mahaifiyarsa za ta kalla ba ta tashi ba. Labari kuwa ba sai ya je nesa ba. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, wasu suka yi shekaru a gonakin audugar Jazira suna tara guzuri, har suka mutu ba su ƙarasa ba. Mutanen Mai Wurno suna nan a bakin Shuɗin Nilu tun bayan yaƙin Burmi na 1903. Tsofaffin da suka ji waɗannan labarai daga bakin waɗanda suka yi tafiyar suna ƙarewa, yaƙin nan ma ya tarwatsa da yawansu. Yaron da ya iya zaunar da tsohuwa ɗaya ta yi magana, ya tace, ya gama a ranar da aka sa masa, ya riga ya samu abin da jami'ar ma za ta nema a gani kafin ta ɗauke shi, domin galibinsu sai ka tura samfurin aikinka.

In ya cika wannan, kuma dalar tana ajiye, to a rubuta wa makarantar tambaya uku kafin a sa hannu. In wuta ko intanet ta yanke wata biyu, ana iya dakatar da karatu a dawo ba tare da sabon biya ba? In an fasa a tsakiyar zango, nawa ake mayarwa? Sa'an nan ko suna ba da shaidar rabin hanya? Jami'o'in Ingila da yawa suna ba da satifiket ga wanda ya kai kiredit 60, difloma ga wanda ya kai 120, ko da bai ƙarasa 180 ɗin ba. Wasu ma suna yarda a yi rajistar satifiket ɗin shi kaɗai tun farko, wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ke nan, in an ga hanya ta yi kyau sai a ɗora.