Hawan dutse a hunturu: Ba sai an sayi jaket mai tsada ba

Hutun ƙarshen shekara na makarantu yana faɗawa ne a tsakiyar hunturu, kuma akwai iyalai a Abuja da ke amfani da shi wajen kai yara hawan dutse. Wasu kan tsaya a duwatsun Mpape, wasu su kama hanyar Jos don tsaunukan Shere, masu ƙarfin hali da na aljihu kuma su nausa har Mambilla a Jihar Taraba. Kafin a tashi, magidanci kan leƙa shago, ya ga jibgegiyar jaket irin ta mutanen ƙasashen ƙanƙara, ya ji farashinta, ya lissafa kawuna biyar ko shida da ke gidansa. Daga nan ko dai a fasa tafiyar, ko a saya wa mutum biyu a bar sauran da abin da ya sawwaƙa. Duka biyun kuskure ne, domin wannan jaket ba ita ce abin da mai hawan dutse a Najeriya yake buƙata ba.

Sanyin tsauni ba ƙarya ba ne. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau. Birnin Jos yana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, ƙololuwar Shere ta haura mita 1,800, Chappal Waddi kuwa, tsauni mafi tsayi a ƙasar nan, ya kai mita 2,419. Sai dai sanyin nan ba ya zama wuri ɗaya. Da asuba haƙora na kaɗawa, kafin hantsi mai hawa ya jiƙe da gumi, da ya isa sama ya zauna hutawa kuma sai iska ta bugi jiƙaƙƙiyar rigarsa. A nan ne sanyi yake kama mutum. Mai jaket ɗaya mai kauri zaɓi biyu gare shi: ya bar ta a jiki ya dahu, ko ya cire ta ya daskare.

Maganin wannan shi ne riguna marasa nauyi da ake ɗora wata kan wata, a rage ko a ƙara gwargwadon hali. Wadda ta fi muhimmanci ita ce mai taɓa fata, kuma a kanta aka fi yin sakaci. Singiletin auduga yana shan gumi ya riƙe, ya manne a baya kamar jiƙaƙƙen tsumma. Yadin roba kuwa yana sakin gumi ya bushe da wuri. Abin daɗin shi ne da wuya a sami gidan da ke da yara babu irin wannan riga a cikinsa: rigar ƙwallon nan ta Arsenal ko Kano Pillars da uwa ke faɗan an cika sakawa, da irin yadin aka yi ta. A kanta sai suwaita ta ulu ko mai laushin nan mai kama da bargo, sannan siririyar jaket mai tare iska, wadda za a iya naɗewa a cusa a jaka.

Duk waɗannan ana samun su a gwanjo, a Karmo ta Abuja, ko Katako ta Jos, ko Ƙofar Wambai ta Kano. An ce araha ba ta ado, amma ba ado aka je yi a kan dutse ba, kuma yaron da zai fi ƙarfin rigarsa kafin hunturun baɗi bai cancanci a ci bashi don sanyin kwana uku ba. Gaskiya ne gwanjon ma ya yi tsada tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, ga shi kuma farashin kayan sanyi yana tashi da zarar hazo ya sauka. Mai dabara yakan saya tun da kaka, ya je ranar da aka fasa dila, ya ja zif sama da ƙasa, ya duba hammata da bakin hannu, ya karanta ƴar takardar da ke wuyan riga don sanin yadinta. A wanke tas, a shanya a rana kafin a saka wa yaro.

Inda bai kamata a yi rowa ba shi ne takalmi. Duwatsunmu na da santsi, busasshiyar ciyawar hunturu ta fi su santsi, kuma takalmin gwanjo yakan zo da ƙasa a suɗe ko gam da ya bushe, ya ɓalle a tsakiyar hanya. Kuɗin da aka tsira da su daga jaket a zuba su a kambas mai haƙora a ƙasa, wanda ya bar wa yatsu sarari, tare da safa mai kauri. Kada a fara saka shi ranar tafiya. A taka shi na mako guda a gida, in ba haka ba zai yi wa mutum kanta da ƙuna a dunduniya. Silifas kuwa a bar shi a masauki.

Mata ba sai sun sauya shigarsu ba. Dogon wando mai ɗumi a ƙarƙashin riga ya wadatar, sai dai zane da hijabi mai jan ƙasa suna harɗe ƙafa, suna kuma kama iska, don haka matsakaici ya fi aminci a wurin hawa.

Yara ƙanana sun fi manya saurin rasa ɗumin jiki, kuma ba su cika faɗa ba sai sun fara rawar ɗari. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne na goye. Uwa tana hawa tana gumi, tana zaton shi ma ɗumi yake ji, alhali shi ba ya motsi, kansa da ƙafafunsa na waje iska na dukansu. Shi ya fi kowa buƙatar hular sanyi mai rufe kunne, da safa biyu, da ƙarin riga ɗaya fiye da ta manya. A jakar kowane yaro a saka busasshiyar riga ta canji a cikin leda, a kuma shafa masa man kaɗanya a leɓe da ƙafa kafin a fita, domin iskar hunturu a kan tudu tana tsaga fata tun kafin azahar.