Ɗage wasan ƙwallo saboda ciwo: a auna wa kowa da mudu ɗaya

Kowace shekara, idan lakkwal ta tashi babban hutu, samarin birane da ƙauyuka na Nijar sukan shirya gasar ƙwallon ƙafa, wadda aka fi sani da sunan TGV. A ƙasar Kwaya, cikin gundumar Magarya, da maƙwabtanta irin su Bande da Yekuwa da Sassumburum, har zuwa Dungas wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a shekara ta 2011, ƙwallo ya zama babban abin da ke tara matasa da marece. Abin farin ciki ne, domin wasa yana ƙarfafa jiki, yana kuma ƙulla zumunci tsakanin gari da gari.

Amma babban hutu cikin damina yake faɗowa, damina kuwa ita ce lokacin masassarar cizon sauro. Mutanen Magarya ba su bukatar a gaya musu wannan. Daga watan Agusta zuwa Oktoba asibitin gunduma yakan cika da yara marasa lafiya, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta kama aiki a can tun shekara ta 2005. Masassara ba ta barin samari su ma. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a wayi gari ranar wasa, a tarar ƴan wasa huɗu ko biyar na gari guda suna kwance.

A nan ne gardama take tashi. Masu ciwo su ce a ɗage wasa. Baƙi su ce sun bar noma, sun tara kuɗi sun ɗauki mota, sun iso fili, don haka ko dai a buga, ko a ba su nasara. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Sau da yawa kuwa ba a rubuta kome ba tun farko, sai hukunci ya koma hannun wanda ya fi baki, ko wanda yake da ɗan'uwa cikin kwamitin gasa. Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu. Irin wannan gardama ta isa ta raba garuruwa biyu da suka daɗe suna auratayya.

Wannan matsala ta taɓa manyan hukumomin ƙwallo na duniya, kuma abin da ya same su darasi ne ga masu shirya gasa a karkara.

Abin da ya sami Komoro

A watan Janairu na shekara ta 2022 aka buga gasar cin kofin Afirka a Kamaru, cutar korona tana yawo. Hukumar ƙwallon Afirka, watau CAF, ta kafa doka cewa duk ƙasar da ke da ƴan wasa 11 masu lafiya tilas ta shiga fili, ko da babu mai tsaron gida a cikinsu. Wadda ba ta cika 11 ba, a rubuta an ci ta 2 da nema.

Tsibiran Komoro, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, wannan ne zuwansu na farko. Suka ci Gana 3 da 2 a Garwa, suka haye zagaye na biyu. Sai korona ta kama mutum 12 cikin ayarinsu, har da mai horad da su da masu tsaron gida biyu. Mai tsaron gida na uku kuwa ya riga ya ji ciwo a wasan Gana. Ran 24 ga wata, ranar da za su kara da Kamaru a Yawunde, aka sake gwada ɗaya daga cikin masu tsaron gidan, Ali Ahamada, aka ga ya warke. Duk da haka aka hana shi wasa, aka ce sai ya cika kwana 5 a keɓe. Mutanen Komoro suka koka, suka ce ba da wannan mudu aka auna wa wasu ba.

Sai wani ɗan baya mai suna Chaker Alhadhur ya sa safar hannu ya tsaya a raga. Minti 7 da farawa aka ba kyaftin ɗinsu jan kati. Da mutum 10, ba mai tsaron gida na ainihi, suka yi ta fama har aka tashi Kamaru 2, Komoro 1. Duniya ta yaba musu, amma yabo bai mayar musu da damar da suka rasa ba. Dokar da ta ce a buga ko ba mai tsaron gida, doka ce mai tsanani ƙwarai.

Abin da ya faru a Ingila

Cikin wannan wata ɗin, a Ingila, akasin haka aka gani. Dokarsu ta ce ƙungiyar da ba ta da ƴan wasa 13 da mai tsaron gida ɗaya tana iya roƙon a ɗage mata. Ƙungiyar Arsenal ta roƙa a ɗage wasanta da Tottenham na ran 16 ga Janairu, aka kuwa amsa mata. Da aka duba, sai aka ga mutum ɗaya tak ke da korona sa'ad da ta shigar da roƙon. Huɗu suna Kamaru wajen kofin Afirka, ɗaya yana cikin horon jan kati, wasu sun ji rauni, wasu kuma ƙungiyar da kanta ta ba da aronsu cikin wannan wata. Tottenham ta nuna ɓacin ranta a fili. Kafin wata ya ƙare hukuma ta gyara dokar, ta ce sai an sami aƙalla mutum 4 masu korona kafin a saurari roƙo. Doka mai sassauci ke nan, wadda ta bar ƙofa a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shekaru 25 kafin haka, a watan Disamba na 1996, ƙungiyar Middlesbrough ta ƙi zuwa wasanta da Blackburn, ta ce ƴan wasanta 23 suna fama da ciwo ko rauni. Ba ta jira izinin hukuma ba. Aka cire mata maki 3, kuma waɗannan maki 3 su ne suka jefa ta rukuni na ƙasa a ƙarshen kaka. Ko da ƙungiya tana da uzuri na gaskiya, ba ita ce za ta yanke wa kanta hukunci ba.

A Fotugal kuwa, ran 27 ga Nuwamba 2021, aka bar ƙungiyar Belenenses ta shiga fili da mutum 9 gaban Benfica, saboda korona ta kwantar da sauran. Kafin hutun rabin lokaci an zuba mata 7. Aka dawo da mutum 7, ɗaya ya faɗi, alƙalin wasa ya busa tashi, domin dokar ƙwallo ta duniya ta hana a ci gaba da wasa idan ƙungiya ta kasa mutum 7. Bayan kwana biyu aka tabbatar mutum 13 na ƙungiyar suna ɗauke da sabon nau'in cutar. Wasan da bai kamata a buga ba ke nan.

Ciwo iri uku ne

Wanda ya dubi waɗannan labarai zai ga cewa kuskuren da aka yi ta yi shi ne haɗa abubuwa dabam dabam cikin ƙwarya ɗaya. Ya kamata a rarrabe su.

Na farko shi ne rauni: targaɗe, gocewar ƙashi, karaya. Wannan yana cikin ƙaddarar wasa. Duk wanda ya shiga fili ya san yana iya dawowa da ɗingishi. Don haka ne ake rubuta sunayen ƴan canji. Haka nan wanda ya yi tafiya, da wanda aka ba jan kati. Idan aka ɗage wasa domin gwanin gari ya yi targaɗe, to an zalunci ƙungiyar da ta buga makon jiya ba tare da nata gwanin ba. Rauni ba hujjar ɗage wasa ba ne.

Na biyu shi ne ciwon da ke kwantar da mutane da yawa a lokaci guda, amma ba a ɗaukarsa ta wajen cuɗanya, kamar masassarar cizon sauro. A nan lissafi ake bukata. Idan masu lafiya sun isa a buga, a buga. Idan ba su isa ba, a ɗage. Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne a tilasta wa yaro mai zazzaɓi ya yi gudun minti 90 don kada garinsu ya ji kunya. Kofi na ƙarfe ne, ana sayen wani a kasuwa. Lafiya uwar jiki ce.

Na uku shi ne annoba mai yaɗuwa, kamar sanƙarau da kwalara da ƙyanda. Jahar Damagaram ta san zafinta. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga ran 1 ga Nuwamba 2022 zuwa ran 27 ga Janairu 2023 mutum 559 suka kamu da sanƙarau a jahar, 18 suka rasu, kuma 342 daga cikin masu ciwon a gundumar Dungas suke. A irin wannan hali magana ta wuce hannun kwamitin gasa da kyaftin. Wasan ƙwallo taro ne, taro kuwa shi ne hanyar cuta. Idan ma'aikatan lafiya suka ce a dakata, sai kowa ya dakata, ba wanda ya ci, ba wanda aka ci.

Kukan baƙi ma abin ji ne

Wani zai ce, tun da rai ya fi wasa, me zai hana a ɗage duk lokacin da aka roƙa? Amsa ita ce ɗage wasa yana da tsada, kuma talaka ne ke biya. Ƙungiyar ƙauye ba ta da asusu. Kuɗin mota daga aljihun samari yake fitowa, dala dala. Yinin da aka bar gona cikin damina ba ya dawowa. Bugu da ƙari, da an gama girbi samarin wannan yanki da yawa sukan tafi cin rani Nijeriya, wadda iyakarta take kusa. Wasan da aka ɗage ba tare da an sa rana ba, sau da yawa ya mutu ke nan, gasa ta watse ba a san gwani ba.

Akwai kuma masu fakewa da ciwo. Ƙungiya takan ga gwaninta yana Kano bai dawo ba, sai ta ce rabin yaranta suna kwance. Idan aka yarda da baki kawai, mai gaskiya ne zai riƙa shan kashi, mai wayo yana cin riba.

Abin da ya kamata a yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk gasar da za a shirya, a Kwaya ko a Dungas ko a ko'ina, ya kamata a zauna tun kafin a busa wasan farko, a rubuta ƙa'ida a takarda.

1. Kowace ƙungiya ta ba da sunayen ƴan wasa adadi ɗaya, misali 20, da masu tsaron gida aƙalla 2 a ciki. Babban gari da ƙaramin ƙauye duk lissafinsu guda, ba a ƙara suna bayan an fara.

2. Idan ƙungiya tana da mutum 11 masu lafiya, har da mai tsaron gida ɗaya, sai ta buga. Idan rashin lafiya ce ta hana ta cika wannan adadi, a ɗage mata. Mai rauni da matafiyi da mai jan kati ba su shiga cikin lissafin marasa lafiya.

3. Shaidar ciwo takarda ce daga malamin asibiti na gidan likita mafi kusa, da sa hannunsa da hatiminsa. Wannan yana da amfani biyu: yana toshe ƙarya, yana kuma kai marar lafiya wurin magani.

4. A sanad da kwamiti da abokan karawa tun ana gobe wasa. Yau wayar salula tana kowane ƙauye. Wanda ya yi shiru har baƙi suka iso, shi zai biya kuɗin motarsu.

5. Ranar da aka ɗage wasa, ranar za a sa sabuwar rana, kada ta wuce mako ɗaya. Ƙungiya ba ta samun ɗagewa fiye da sau ɗaya a gasa guda. Tun wajen tsara ranaku a bar kwanaki fanko saboda wannan.

6. Ɗan kwamitin da garinsu ke cikin ƙara ya fita waje har a gama yanke hukunci.

7. Maganar annoba ta hukumar lafiya ce, kuma umurninta ya hau kan kowa.

Wannan takarda ba ta bukatar lauya. Da Hausa za a rubuta ta, a karanta da ƙarfi gaban mai gari da kyaftin na kowace ƙungiya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ga aiki ga waɗanda suka gama ajin yaƙi da jahilci. Su ne za su riƙe littafin sunaye, su ajiye takardun likita, su buɗe ƙa'ida su karanta duk ranar da gardama ta taso. Ma'aikatan matasa da wasanni na gunduma kuma suna iya sauƙaƙe abin, su buga ƙa'ida iri ɗaya su rarraba wa dukan garuruwa, su ƙi ba da izinin gasar da ba ta da ita.

Babu dokar da za ta gamshi kowa. Wata rana ƙungiya mai mutum 11 daidai za ta shiga fili ba ɗan canji ko ɗaya, a ci ta, ta koma gida da baƙin ciki. Amma za ta san cewa da abokiyar karawarta ce abin ya sama, haka za a yi mata. Wanda aka ci bisa ƙa'idar da ya sa wa hannu da kansa yakan haƙura, ya dawo baɗi. Wanda aka ci da son kai ba ya mantawa, ƙannensa ma sukan gaji fushin. A kasuwa ba a yarda da mai awo da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa. Filin ƙwallo ma haka ya kamata ya zama.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya bar zumunci tsakanin matasa.